Baƙi da Wasila

A wani gari tsakanin Makarfi da Hunkuyi, inda gonakin rake suke farawa daga bayan katangar gidan ƙarshe, akwai wani magidanci da ake kira Lado Firinsifal. Kada sunan ya ruɗe ku. Lado bai taɓa riƙe alli ba, balle ya tsaya gaban aji. Abin da ya faru shi ne, wata shekara ya tafi ci-rani Kaduna, ya samu gadi a ƙofar wata makarantar kuɗi ta 'ya'yan manya. Wata bakwai ya yi yana buɗe ƙofa yana rufewa. Tun da ya dawo ba a ƙara yin zancen ilimi a garin an tashi lafiya ba. Ko maganar takin zamani ake yi a majalisa, sai Lado ya gyara hula ya ce, “Mu da muka yi aiki a harkar ilimi...”

Matarsa Sabuwa kuwa a aji huɗu karatunta ya tsaya, shekarar da iska ta yaye rufin ajinsu aka ce su koma gida har a gyara. Har ta yi aure ba a gyara ba. Tana iya karatu, amma da yatsa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. 'Ya'yanta uku maza duk gona ta cinye su. Saura autarta Mukarrama, 'yar shekara shida ba wata biyu, mai ido kamar na mage da bakin da ba ya gajiya. Sabuwa ba ta da wani buri a duniya da ya wuce yarinyar nan ta tashi tana karanta takardarta da kanta, ba sai ta jira wani ya gama neman tabarau ba.

Akwai makaranta guda da mutanen gari suka gina da gumin kansu, wadda malamanta suke zuwa har ranar kasuwa. Kowa ita yake so. A bana gurbin aji ɗaya talatin ne, yaran da aka kai sun haura saba'in. Sai aka ce za a yi gwaji ranar Asabar ta sama, aka raba wa iyaye takarda. A shagon kwamfuta na bakin tasha aka buga ta, na'urarsu kuwa ba ta san harafi mai ƙugiya ba. Ga abin da ke ciki:

“Za a gwada kowane yaro a kan rikon fensir, da sauraro, da gane baki da wasali.”

Lado ya sa tabarau, ya nisanta takardar, ya matso da ita, ya kaɗa kai.

“Dama na san za a rina. Baki!”

“Baki kuma, Malam?” in ji Sabuwa.

“Baki mana. A Kaduna da idona na gani ta taga, wata mai farar riga tana buɗe bakin yara ɗaya bayan ɗaya. Kamar sayen rago ne. In yaro bai yi famfara ba, haƙorin nono bai fara zuba ba, to ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba. Ke Mukarrama, zo nan. Ce aaa.”

Mukarrama ta ce aaa. Haƙora a jere, farare tas, ko ɗaya ba ya motsi.

“Kin gani ko? Da ba ni a gidan nan, da kin kai ta an kore ku.”

Aka shiga ba Mukarrama rake. Da safe rake, da rana rake, bayan la'asar rake. Yarinya ta samu abin da take so, ta tara ɓawo a tsakar gida har ƙuda ya yi sansani, haƙori kuwa sai ƙara ƙarfi yake. Rana ta uku Lado ya fito da ita ƙofar gida, gaban majalisa, ya zaɓo gindin rake mai taurin gaɓa.

“Ba ki iya ba ne. Da gefe kike ci kamar akuya. Da na gaba ake kamawa, a finciko. Kalli nan.”

Ya kama, ya finciko. Ƙwas! Sai ga rake a hannunsa, ga haƙorinsa na gaba a tsaye cikin gaɓar kamar an dasa shi.

Maiwada tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

“Barka, Firinsifal! Ka yi famfara. Kai za a ɗauka aji ɗaya.”

“Dama yana motsi,” in ji Lado, hannu a baki. “Na daɗe ina son rabuwa da shi.”

Daga ranar duk kalmar da ke da sa ko si, sai ta fito masa da fito, kamar ana kiran tantabaru.

Maiwada ya ce a ba shi takardar ya gani. Ya duba ya ce, “To ai ga ‘rikon fensir’ nan ma ba ƙugiya. In riko riƙo ne, anya bakin nan naka ba baƙi ba ne?”

Lado ya fizge takardar. Sai ya yi dariya har iska ta bi ta wawulon.

“Sai yanzu ka gano? Gwada ku nake yi, in ga wa ke da kai a unguwar nan.”

“Da haƙorinka ka gwada mu?”

“Ilimi sai da sadaukarwa, tela.”

Da ya shigo cikin gida yana kurkure baki da ruwan gishiri, Sabuwa ta matso, tana murɗa gefen zanenta.

“Malam, na ji abin da Maiwada ya ce. Ni dai zuciyata tana raya min, anya ba baƙi da wasali irin na karatu ba ne? Irin wanda ake yi a allo, mu ma a aji ɗaya mun yi, a, e, i...”

“Sabuwa, aji nawa kika yi?”

“Huɗu.”

“Huɗu. A makarantar da ba rufi. Ni kuwa wata bakwai na yi a makarantar da karen mai ita ma da Turanci yake haushi. Me ya haɗa boko da wasali? Wasali na masu allo da tawada ne. In abin da kowace tsohuwa ta sani za a tambaya, me zai sa a buga takarda har da hatimi? Baƙi ake nufi, baƙi masu zuwa da ƙafa. Gane baƙo daga ɗan gida shi ne matakin farko na ilimin zamani. Aikin da na yi ke nan a Kaduna, ba wanda ya taɓa wuce ni. Allah ne ya kawo jarrabawar nan har cikin fannina.”

Sabuwa ta ce a ranta, wataƙila boko ya canza tun bayan da iska ta yaye nasu.

Washegari aka girka benci a bakin zaure. Aka ba Mukarrama littafi mai layi arba'in, da fensir, da usur. Lado ya tsaya a bayanta yana ba da darasi.

“Duk wanda bai kwana a garin nan ba, baƙo ne. Me za ki ce masa?”

“Daga ina? Wa kake nema? Rubuta sunanka. Tsaya a waje.”

“Madalla! Ko a Kaduna sai haka.”

Amma unguwar ba ta cika samun baƙi ba, darasi kuma ba ya yiwuwa ba kayan aiki. Sai Lado ya koma tasha yana kwaso su. Ya zo da 'yan tumatir biyu daga Ikara. Ya zo da dillalin rake da motarsa ta lalace. Ya zo da wani Bafulatani da ya shigo gari neman maganin shanu, wanda har ya tafi bai gane laifin da ya yi aka tsayar da shi a waje ba. To kun san ba a kiran mutum baƙo a bar shi da ƙishi. Wanda aka ba ruwa kuma, ya ji ƙamshin miya, ba ya saurin tuna hanya. Sabuwa ta koma ɗora tukunya sau huɗu a yini. Zakaranta ja, wanda take tanadi don salla, dillalin rake ne ya ci cinyarsa, ya kuma ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Kafin kwana uku labari ya zaga tasha cewa akwai gidan da in yarinya ta ce maka baƙo, ka ci tuwo. Sai 'yan gari ma suka fara gwada sa'arsu. Gambo mai faci ya naɗo rawani har hanci, ya canza murya.

“Salamu alaikum, daga Zariya nake.”

Mukarrama ta shinshina. “Ƙarya ne. Gambo mai faci ne, ga warin taya nan.” Ta busa usur.

Lado ya kusa yin kuka don daɗi. “Kun ji ko? Wannan ba aji ɗaya ba, aji uku ya kamata a kai ta.”

Ana haka, ranar Litinin da azahar, rana na tsakiyar ka, sai ga Iya Zulai, mahaifiyar Sabuwa, ta sauko daga motar Paki. Ƙullin daddawa da kuka a ka, kaza a hammata, ta zo duba jikarta da aka ce za ta shiga makaranta. Lado yana cikin zaure ya miƙe ƙafa. Mukarrama ta tare ƙofa da fensir.

“Daga ina?”

“Ke, 'yar nema, ni ce fa. Matsa in wuce, ƙafata ta yi nauyi.”

“A garin nan kika kwana?”

“A Paki na kwana, a kan gadona, in kin yarda.”

“To baƙuwa ce. Wa kike nema?”

“Wadda na haifa nake nema, wadda ta haife ki!”

“Rubuta sunanki.”

Iya Zulai ta dubi littafin, ta dubi yarinyar. Ita da ko alif ba ta taɓa ja da fensir ba.

“In ba ki rubuta ba, tsaya a waje. Baba ya ce ko gwamna ne.”

Tsohuwa ta sauke ƙullinta a hankali. Ta ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin rijiya sai da suka juyo.

“To uban da ya ce, ya fito ya faɗa min da bakinsa. Na ji an ce ma bakin ya samu taga.”

Lado da ya ji muryar surukarsa, bai tsaya neman takalmi ba. Ya bi ta tsakar gida, ya wuce Sabuwa tana tuƙa tuwon baƙi, ya haura katangar baya ya faɗa kan tarin ƙaiƙayi. Bai dawo ba sai da ya tabbatar motar Paki ta yamma ta tashi. Sabuwa ce ta sha faɗan, ta sha kunyar, ta kuma yanka kazar da aka zo da ita don wani ɗan tumatir da ya riga ya wanke hannu.

Da ya dawo yana soshe-soshe, Sabuwa ta ce, “Malam, don girman Allah, saura kwana biyar. Yarinyar nan ko sunanta ba ta iya ja ba. In ta rasa gurbin nan sai baɗi, baɗi kuma su ce ta girma.”

“Kwantar da hankalinki. An gama da baƙi. Saura wasali, shi ma na warware shi a kan ƙaiƙayin nan.”

“Ka warware?”

“Na'urar da ta cinye ƙugiya, me zai hana ta juya haruffa? Ba wasali ba ne. Wasila ce.”

Sabuwa ta zauna a kan turmi.

“Wata babbar jami'a ce za a turo daga Kaduna,” in ji Lado, yana fito a kan kowace si. “Za ta saje cikin baƙi, a ce yaro ya nuna ta. Haka sufetoci suke yi, ba sa zuwa da tambari a goshi. Gane baƙi da Wasila. Ga shi nan ɓaro-ɓaro.”

“To ina Mukarrama za ta san fuskarta?”

“Shi ya sa za ta san duk wata Wasila da ke ƙasar nan. Wadda ta ga ba ta sani ba, ita ce ta Kaduna. Wannan shi ake kira lissafi.”

Ya ari babur ɗin Maiwada, bisa sharaɗin ba zai koya wa babur ɗin komai ba. Ya shiga unguwa-unguwa, ya dangana da Hunkuyi, ya zaga ta Nasarawan Doya, yana sallama a ƙofar gidajen mutane yana tambaya, “Akwai Wasila a gidan nan?”

A gida na farko aka ce babu. A na biyu aka ce ta rasu bara, sai da ya zauna ya yi addu'a. A na uku maigidan da kansa ya fito, ƙato, da fartanya a kafaɗa.

“Akwai. Matata ce. Me ya haɗa ka da ita?”

“Fuskarta kawai nake so a gani...”

Fartanya ta sauko daga kafaɗa. Lado ya ja baya har ya take wutsiyar akuya, ya zaro takardar ya ɗaga ta daga nesa, yadda hatimin kaɗai ake gani.

“Ba ni ba ne, makaranta ce! Umarni ne daga sama! Duk wata Wasila ana nemanta ranar Asabar da safe!”

“Me za a ba su?”

“Ba a ba ni izinin faɗa ba.”

Wannan kalma ita ta ƙarasa aikin. Wanda ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba, ai ya riga ya faɗa. Kafin Alhamis, mata a wajen niƙa sun tabbatar wa juna cewa tallafi ne. Kafin Juma'a an san ko na mene ne: keken ɗinki, sabo a kwali, ga duk mai suna Wasila. Wasu suka ce har da atamfa.

Ranar Juma'a da hantsi Wasiloli biyar suka zo gidan don a rubuta sunansu da wuri. Akwai Wasila mai ƙosai, mace mai faɗin kafaɗa da murya kamar ganga. Akwai Wasila ungozoma, da Wasila matar mai cajin waya, da wata Wasila 'yar Hunkuyi mai goyon tagwaye, da wata tsohuwa da ta ce sunanta na yanka ke nan, an dai manta ne. Lado ya jera su a tabarma, Mukarrama tana bi tana haddace su. Sabuwa tana dama musu kunu.

Da ta samu ya fita raka su, ta ɗauko takardar daga aljihun rigarsa da ke rataye, ta shige madafa. Ta ɗora yatsa. Wa. Sa. Li. Ta sake. Wa, sa, li. Sau uku, bai zama Wasila ba. Ta jawo Mukarrama, ta ɗauki gawayi ta zana harafin a a bayan faifai.

“Kalli nan, 'yar albarka. Wannan sunansa a. Ce a.”

“Daga ina yake?”

Kafin ta ba ta amsa, inuwar Lado ta rufe ƙofa.

“Sabuwa! A jajibirin jarrabawa za ki rikita min ɗaliba? Kin taɓa ganin an canza wa doki linzami a tsakiyar sukuwa?” Ya goge faifan da gefen rigarsa, ya tasa yarinyar gaba. Sabuwa ta bi su da ido. 

Asabar da safe filin makaranta ya cika. Iyaye da yara a gefe guda, kowane yaro an shafe shi da mai yana ƙyalli. A ɗaya gefen kuwa, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, mata ne zaune sun kai talatin, wasu da igiyar ɗaure kwali, wata har ta zo da mai baro. Biyar ɗin jiya suna gaba. Sauran, da yawansu da asubar nan suka zama Wasila.

Lado ya iso cikin babbar riga, biro uku a aljihu, ya ratsa ta gabansu yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Sabuwa tana biye, riƙe da hannun Mukarrama, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Malama Huseina ce mai gwajin, mace mai haƙuri da ta shekara ashirin tana koyar da 'yan aji ɗaya. Tana kiran yara ɗaya-ɗaya, uwa ko uba ya tsaya daga bakin ƙofa, sauran jama'a kuma sun cika tagogi. Maiwada ya rufe shago musamman, ya kama taga mafi kyau.

Aka kira Mukarrama Lado. Malama ta miƙa mata fensir, ta riƙe shi daidai, don kwana goma ta yi tana tare ƙofa da shi. Sabuwa ta ɗan saki numfashi. Sai Malama ta ɗaga wani kati mai ɗauke da B babba.

“Yawwa, 'yata. Wannan wane baƙi ne?”

Mukarrama ta ƙura wa katin ido, sama da ƙasa.

“Daga ina yake?”

“Na'am?”

“A garin nan ya kwana? In bai rubuta sunansa ba, ya tsaya a waje.”

Tagogi suka ɗauki dariya. Lado ya juya yana kallon jama'a, yana gyaɗa kai, shi a dole yabo ake yi. Malama ta ajiye katin, ta ɗauko wani allo mai haruffa a jere.

“To bar wannan. Nuna min wasali ko guda ɗaya.”

Yarinya ta yi tsalle ta nufi taga, ta miƙa fensir waje.

“Ga su can! Ga mai ƙosai, ga ungozoma, ga matar mai caji, ga mai tagwaye, ga wadda aka manta sunanta. Sauran duk na Kaduna ne!”

Matan da ke ƙarƙashin darbejiya suka ji an ambace su, suka ɗauka an fara kira. Suka taso gaba ɗaya, mai baro a gaba. Wasila mai ƙosai ta ture mutane ta sa kai ta ƙofa.

“Malama, ni ce ta farko a layi. In keken bai isa ba, a fara da masu sunan gaskiya.”

“Wane keke?”

“Na Wasiloli mana. Firinsifal ya ce daga sama ne.”

Malama Huseina ta cire tabarau ta dubi Lado. Shi kuwa ya shigo tsakiyar aji, ya buɗe takardar, ya yi gyaran murya.

“Malama, ni ma ɗan gida ne a harkar nan, ba sai an ɓoye min ba. Takarda ta ce gane baƙi da Wasila. Baƙi, yarinya ta gane su. Wasila, ga su nan na tara muku har da ƙari. Sai ki fito da ta Kadunan a gama.”

Malama ta karɓi takardar. Ta karanta da ƙarfi, kalma-kalma, yadda na bayan taga ma zai ji. Sannan ta nuna allon. “Wannan baƙi. Wannan wasali. B da a, ba. Abin da muka ce ke nan, Malam Lado. Shi ke nan fa.”

Ɗaya daga cikin tagwaye ya tsala kuka.

“Firinsifal,” in ji Maiwada daga taga, “ashe da gaske ne da aka ce a babbaƙu, tun ba a kai ga wasali ba, ka gudu daga makarantar allo?”

Dariyar da ta tashi har tsuntsayen darbejiya sai da suka watse. A waje kuwa ba dariya ake ba. Ana jin muryar mai ƙosai tana cewa ta bar kasko a wuta, 'yar Hunkuyi tana tambayar wa zai mayar da ita gida, mai baro yana cewa shi dai ba zai koma da baro wayam ba.

Malama ta ja rajista gabanta, ta ɗora biro a kan sunan Mukarrama. Sabuwa ta ga biron nan zai ja layi. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a durƙushe gaban tebur ba.

“Malama, don Allah, don darajar iyayenki. Ba laifinta ba ne. Ni na karanta takardar nan, na ga wasali, na yi shiru. Yarinyar tana da kai, wallahi tana da kai, abin da aka zuba mata ne ta ɗauka. A gwada ta da wani abin, ko mene ne.”

Malama ta dube ta, ta ɗaga biron.

“Tashi, Maman Mukarrama. Rabin yaran nan ma ba su san harafi ba, aikinmu ne mu koya musu. Abin da na fi nema shi ne kunne. In kunnen yaro yana rarrabe sauti, hannu zai biyo baya. Saura sauraro.” Ta juya ga yarinyar. “Mukarrama, saurara da kyau. Wa-sila. Wa-ke. Wa-ndo. Me kika ji a farkonsu?”

“Wa.”

“Madalla. To ke ma kawo min kalma mai farawa da wa.”

Mukarrama ta sa fensir a baki. Sabuwa ta runtse ido.

“Waya.”

“Yawwa! Ƙara ɗaya.”

“Wanka.”

“Ɗaya ta ƙarshe.”

Yarinya ta yi ɗan tunani, sai fuskarta ta washe.

“Wawa!”

“Wannan ma har wa biyu gare ta,” in ji Malama, tana danne dariya. Ta rubuta wani abu a rajista. “An ɗauke ta.”

Sabuwa ta fashe da kuka tana hamdala. Lado kuwa, da ya ji an ce an ɗauka, sai ya dawo da rai. Ya baza riga, ya juya ga tagogi.

“Kun gani? Wa ya ce tsarina bai yi ba? Kalma uku a jere, ba gargada! Mukarrama, faɗa musu da bakinki, wa ya koya miki ta ƙarshen nan mai wa biyu?”

“Ba kai ba ne, Baba. Wasila ce ta faɗa.”

“Wace Wasilar?”

“Dukansu. Yanzun nan, suna nuna ka.”

Maiwada ya zame daga taga ya zauna a ƙasa, yana riƙe da ciki.

Malama ta zaro wata sabuwar takarda, ta kayan da za a saya wa yarinya da ranar fara zuwa. Lado ya miƙa hannu yana laluben tabarau. Sabuwa ta riga shi. Ta ninke takardar gida huɗu ta soke a ƙugu, ta ɗaure zane a kai.

“Malam, wannan ni zan karanta, ko zan kwana uku a kanta. Kai ka ji da baƙinka, ga su can suna jiranka a ƙofa.”

Lado ya leƙa. Mata talatin da mai baro sun tare hanya, mai ƙosai tana naɗe hannun riga. Ya dubi tagar baya, ya auna faɗinta da ido, ya tattare babbar riga.

Waɗanda suke wajen sun ce har ya shige cikin gonar rake ana jin fitonsa, yana faɗa wa masu binsa cewa a Kaduna ba haka ake yi wa ma'aikacin ilimi ba.